Ranar da Zabuwa ta Haɗiye Tabawa

Wata goma sha ɗaya Tabawa ta yi tana yawon duniya ko ƙaya ba ta taɓa takawa ba, sai wata Lahadi bayan la'asar zabuwa ta haɗiye ta.

Tabawa dai a takarda take zaune. Fadila ce ta ƙirƙiro ta, ta ba ta suna, ta ba ta gorar magani da jaki mai suna Sannu-Sannu. Da yake Fadila tela ce, har ƴar tsana ta ɗinka mata da ragowar ƙyallen mutane, tsawon ɗan yatsa, da kallabi shuɗi da zane mai ratsi. Duk Lahadi in an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar gidansu da ke bayan tasha a Dogon Dutsi, sai ta fiddo ta daga aljihun keken ɗinki, ta kaɗe mata zare, ta tsayar da ita a bayan kowa.

Wasan kuwa Illo ne ya zo da shi, ƙanen Fadila. Ya je Yamai neman aiki, aikin bai samu ba, ya dawo da wani littafi na Faransanci wanda aka yi wa fotokofi har baƙinsa ya koɗe, wasu shafukan ma sun zube a hanya. Wasa ne na baki da ƙwayar lido. Kowa yana da mutuminsa a takarda, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke cikin jakarsa. Illo shi ne mai ba da labari. Zai ce, "Kun iso bakin kogo, ga hayaƙi na fitowa, mi za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, ya jefa ƙwayoyi uku. In lamba ta kai, abu ya yiwu. In ba ta kai ba, mutum ya sha kashi. Wanda mutuminsa ya mutu kuwa, shi da kansa zai ɗauki takardar ya kai murhu ya saka a wuta, ya dawo ya zana wani.

Su huɗu ne. Ban da Illo da Fadila akwai Basira, ɗiyar kawunsu, wadda take wasa da wata ɓarauniya mai suna Kyanwa. Sai Is'haƙa maƙwabcinsu, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a babur, wanda ya riga ya kai takardu huɗu murhu. Duk mutanensa suna ɗaya yake ba su, lamba kawai yake canzawa. A lokacin da ake wannan labari yana kan Sarkin Yaƙi na Biyar.

Akwai wani shafi a littafin da ya kusa watsa wasan tun ranar farko. Illo ya karanta ya fassara musu: wai in mutuminka ya shiga halin da ba fita, yana iya roƙon abin bautarsa, ka jefa ƙwaya, in sa'a ta zo abin bautar ya sauko ya cece shi. Har da jerin sunayen gumakan aka kawo, kowane da hotonsa, wani da kan rago, wani da hannu shida.

Is'haƙa ya ja jiki ya sauka daga tabarmar. "A'uzu billahi. Ni ban roƙon gunki ko da wasa."

"Ai ba na gaskiya ba ne," in ji Illo. "Wani ne ya zauna ya ƙirƙira."

"To in na mutu a kan tabarmar ga, kai za ka biyo ni ka yi bayani?"

Illo ya sosa ƙeya ya ce to ko a mayar da shi roƙon Allah. Fadila, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a hankali ba a haɗa sunan Allah da ƙwayar lido. Kowa ya yarda da wannan. Sai Basira ta ce, "To mu sa doguwa mana."

 Duk suka waiwaya suka dubi tsamiyar da ke bayan katanga. A Arewa ba a kiran iskoki da wasa, don su ba su san wasa ba. Ka kira su su zo, su tarar ba ka tanadar musu komai ba sai gwangwani da ƙwayar lido, ka jawo wa kanka.

Suna cikin kallon tsamiyar sai muryar Inna Habsatu, mahaifiyar su Illo, ta taso daga madafa: "Wa ya bar mini buta a hanya?"

Su huɗun suka miƙe tsaye lokaci guda, har Is'haƙa da ba ɗan gidan ba. Illo ya dubi yadda suka miƙe, ya koma ya zauna, ya buɗe kayensa na lakwal, wato littafin rubutu na makaranta, ya cire murfin bik, wato biro, da haƙori. Ya ce ai an gama, ga mai iko nan a cikin gida, ba sai an je nesa ba.

Haka aka rubuta dokar kai kuka. Duk wanda mutuminsa ya shiga uku yana iya kai kuka wurin Inna, sau ɗaya a wasa. Shi da kansa zai je, ba aike. Zai durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya tun daga gajiya har lafiyar awaki, sannan ya faɗi damuwarsa a gaban sauran ƴan wasa. Abin da Inna ta ce shi ne ya faru, ba ƙwaya, ba gardama.

Inna ba ta taɓa tambayar mene ne wasan ba, amma hukunci ba ya yi mata wuya. Ranar da dogaran wani sarki suka kama Kyanwa da tulun zuma, Basira ta kai kuka, Inna ta ce a sake ta amma ta mayar wa mutane abinsu. Ranar da Sarkin Yaƙi na Biyu ya faɗa rijiya, Is'haƙa ya yi gaisuwa har da tambayar lafiyar danginta da ke garin Kieshe, Inna ta ce, "Na ƙi. Jiya ka wuce ni a kasuwa da babur ina ɗauke da kaya ba ka tsaya ba."

Shi Is'haƙan ne kuma ya jawo aka ƙara doka ta ƙarshe. Lokacin da Sarkin Yaƙi na Uku yake bakin mutuwa, ya je ya durƙusa yana roƙo, daidai lokacin akuya ta sa kai a kwanon dusa, Inna ta ce mata, "To, ci, ci ki huta." Is'haƙa ya taso da gudu ya ce an amsa masa, an ce ya ci yaƙin ya huta. Aka yi ta gardama har rana ta faɗi. Daga nan Illo ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa: amsar Inna ba ta zama amsa sai ta kira sunan mai roƙo da bakinta.

Ba wanda ya ga wata matsala a dokar, don Tabawa ba ta taɓa bukatar kai kuka ba. Kullum tana baya. In ana faɗa tana ba jaki ruwa, in an gama ta zo ta shafa wa masu rauni magani.

To a wannan Lahadin, tafiya ta kai su wani fili mai ciyawa, suka tarar da ƙwai uku, kowane ya kai randa. Basira ta ce Kyanwa za ta lallaɓa ta wuce. Fadila ta ce Tabawa za ta tsaya nesa ta duba kofaton Sannu-Sannu. Is'haƙa ya ce Sarkin Yaƙi na Biyar yana jin yunwa, zai fasa ɗaya ya soya.

"Ka tabbata?" in ji Illo.

"Jarumi ba shi tafiya da ciki wofi."

Ya jefa, ya samu sha shida, ƙwai ya fashe. Illo ya gyara zama, ya rage murya. Ya ce ƙasa ta fara rawa. Ya ce ga uwar ƙwan nan tafe, zabuwa ce, girmanta ya kai motar Dogon Kiriya ranar kasuwa har da kayan da ke sama. Ta kai wa Sarkin Yaƙi sara, ya jefa ƙwaya ya duƙa. Ta kai wa Kyanwa, ita ma ta zille. Bakin ya zarce har inda Tabawa take sunkuye tana duba kofato.

"Yaya, jefa."

Fadila ta jefa. Ɗaya, ɗaya, biyu.

Illo ya ɗauko gwangwanin tumatir ya kifa a kan ƴar tsanar. "Ta haɗiye ta. Zagaye uku gare ku. In ba ta fito ba, shi ke nan."

Fadila ta zuba wa gwangwanin ido. Gefen kallabin shuɗi ya ɗan leƙo ta ƙasa.

A zagayen farko Sarkin Yaƙi ya kai sara da takobi, ya samu biyar, Illo ya ce ya aske wa Sannu-Sannu wutsiya. Kyanwa ta hau wuyan zabuwar tana yi mata cakulkuli ko ta yi amai, ita ma ba ta kai ba. Fadila ta ce Tabawa za ta zazzage barkonon da ke jakarta a cikin cikin zabuwar. Ta jefa ta samu bakwai. Illo ya ce zabuwar ta lashe baki, da alama ma ta ji daɗi.

A zagaye na biyu Is'haƙa ya ce zai ba zabuwar haƙuri ya biya ta ƙwanta. Illo ya tambaye shi da me zai biya, ya ce da jakin. Fadila ta ɗago kai ta dube shi, ya ce wasa yake. Ƙwayoyin dai ba su taimaki kowa ba.

"Bon," in ji Illo da Faransancinsa. "Saura zagaye guda. Yaya, kina da kuka ba ki taɓa kaiwa ba. Ga Inna can."

Fadila ba ta motsa ba. Ita tun da aka kifa gwangwanin ta tuna da dokar nan mai layi biyu. Basira ta dube ta, ta dubi Inna da ke zaune a bakin madafa tana tsinkar zogale, sai ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

"Mi ne ne abin dariya?" in ji Illo.

"Kai da ka rubuta doka, ka taɓa jin Gwaggo ta kira sunan Fadila?"

Illo ya juya ya dubi Inna.

Fadila ɗiyar fari ce. Shekara ashirin da huɗu ke nan Inna ba ta taɓa furta sunanta ba, kuma ba ta kallonta ido da ido a gaban mutane. In tana nemanta sai ta ce "ke", in tana zancenta ta ce "waccan". In baƙi suka yaba ɗinkinta, Inna sai ta kau da kai ta ce ai ba wani abu ba ne. Kunyar ɗan fari ke nan, haka Inna ta taso ta ga uwarta na yi, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifin haka a gidan. Kowa ya saba har ya manta, ita kanta Fadila ranar da aka rubuta dokar ba ta kawo komai a ranta ba.

"A cire dokar mana, na yau kawai," in ji Basira.

Is'haƙa ya ɗaga yatsa. "Dokar ga ita ta ci Sarkin Yaƙi na Uku. Mutum mai mata biyu da doki. Ni da hannuna na sa shi wuta. In an cire ta yau, a maido mini shi."

"Toka za mu maido maka?" in ji Basira.

"Ku kunka sani."

Illo ya duba kayen, ya duba yayarsa. Shi mutum ne da in ya rubuta abu da bik ba ya gogewa, don ya ce ranar da mai ba da labari ya fara son kai, wasa ya mutu. Amma kuma Fadila ce take ɗinke masa wando duk lokacin da ya yage. Ya ce cikin sanyin murya, "Yaya, ki gwada dai. Ƙila ta manta ta faɗa."

Fadila ta tashi, ta gyara gyale, ta nufi madafa, sauran suna biye da ita a jere. Ta durƙusa nesa kaɗan, idonta a ƙasa.

"Inna, barka da yamma."

"Barka kadai," Inna ta amsa wa faifan da ke cinyarta.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ƙaƙa ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Ƙaƙa awaki?"

"Ga su nan suna ɓarna."

Ko awa uku ba a yi ba da suka ci abincin rana a gida ɗaya, amma doka ta ce gaisuwa cikakkiya. Da ta ƙare, Fadila ta faɗi damuwarta.

"Inna, zabuwa ta haɗiye Tabawa."

Inna ta juya wajen Basira. "Basira, wace Tabawa? Ta gidan Sharif mai nama?"

"A'a Gwaggo, ta takarda."

"Zabuwa na haɗiye mutum?"

"Wagga babba ce. Ta kai mota."

"Wa ya kiwata ta?"

"Illo."

"Shi ya sa. Ko akuya aka ba shi kiwo sai ta fi ƙarfin gida." Ta ci gaba da tsinka. "To ki ce ma waccan a fiddo ta."

Basira ta juyo da murna. Illo ya yi gyaran murya, ya rungume kayensa.

"Inna, sai kin kira suna."

"Na ce waccan."

"Waccan ba suna ba ne, Inna. Doka ta ce sunan mai roƙo."

Hannun Inna ya tsaya a kan zogalen. Ta dubi Illo tun daga silifa har hula, irin kallon da take yi wa mai kayan miya in ya tsuga kuɗi. Illo ya koma bayan Is'haƙa, amma bai saki kayen ba.

Basira ta ce bari ta gwada dabara. Ta matso ta zauna kusa, ta ɗauki reshen zogale tana taya tsinka kamar hira ce kawai ta kawo ta.

"Gwaggo, wai ɗiyar Karima da aka yi suna makon jiya, wane suna aka sa mata? Na manta."

Kowa a unguwar ya san Fadila aka sa wa jaririyar.

"Mai sunan waccan," in ji Inna, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To matar likitan dabbobi fa, baƙuwar nan?"

"Ita ma."

"Gwaggo, bari in fara miki ki ƙarasa. Ba wuya."

Inna ta ɗauki reshen da aka tsinke ta ɗana mata a gwiwa. Basira ta koma inda ta fito tana sosawa.

Is'haƙa, wanda shi ne ya hana a cire dokar, yanzu kuma tausayi ya kama shi. Ya durƙusa shi ma. Ya ce Inna ta yi haƙuri ta faɗa ko da a kunnensa ne, shi zai zama shaida, ya rantse ba zai gaya wa kowa yadda ta faɗa ba. Inna ta tambaye shi ko uwarsa tana kiran sunan yayansa Alhassan. Ya ce a'a, "mai gona" take ce masa. Ta ce to ya je ya fara gyara gidansu.

Duk wannan Fadila tana durƙushe, gwiwarta ta fara zafi a kan tsakuwa. Tana ta tunanin takardar. A bayanta ta rubuta sunan duk garin da Tabawa ta taɓa kwana, da duk wanda ta yi wa magani, da ranar da Sannu-Sannu ya ci taswirar su Is'haƙa. Rubutunta ba mai kyau ba ne, aji huɗu ta yi ta bari, amma a takardar nan ko gogewa ɗaya babu.

Inna ta kaɗe faifai. "Basira, in ba a kira sunan ba mi za ya faru?"

"Sai a ƙone takardar a murhunki, Gwaggo."

"Wace takarda? Wadda waccan ke sawa cikin leda don kada ruwa shi taɓa? Mai ƴar tsana da kallabi shuɗi?"

"Awo, ita."

Fadila ba ta san Inna ta taɓa lura da ledar ba.

 Inna ta ajiye faifan a ƙasa. Ta goge hannu a zane, ta gyara ɗaurin kallabi, ta yi gyaran murya sau biyu. Sannan ta juyo gaba ɗaya da kujerarta, ta dubi Fadila a fuska, a gaban Illo da Basira da ɗan maƙwabta. Ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Fadila ta ji kamar an yaye rufin gidan duka unguwa na leƙowa. Kunnuwanta suka yi zafi. Ta ga gumi ya tsattsafo wa Inna a hanci, tsohuwar da ko ranar da kunama ta harbe ta ba ta canza fuska ba. In sunan nan ya fito, ta ina za ta sake bi ta gaban madafa? Da wane ido za su haɗu gobe da safe wajen randa?

"Inna, bari," ta ce da sauri. "Na janye kukan."

Ta ja gyale ta rufe fuska, ta tashi ta koma rumfa har tana tuntuɓe da buta. Inna ta sauke numfashi, ta juya kujerarta, ta ɗauki faifai ta shiga tsinkar reshen da ba ganye a jikinsa.

Sauran suka biyo Fadila.

"Yaya, saura kaɗan fa," in ji Illo. "Har ta buɗe baki."

"Ba ni ƙwayoyin."

"Sha huɗu kike nema."

"Na ji."

Ta girgiza su a tafin hannu, ta daɗe tana girgizawa, ta watsa. Biyu, ɗaya, uku. Is'haƙa ya sunkuya ya ƙirga da yatsa ko za su ƙaru, ba su ƙaru ba.

Illo ya ɗage gwangwanin a hankali.  Is'haƙa ya cire hularsa ya ce Tabawa mutuniyar kirki ce, ta yi masa magani sau tara, sannan ya tambaya ko jakin yana da magaji. Basira ta make shi a kafaɗa.

Fadila ta zare takardar daga leda. Ba ta yi kuka ba, don ta san in ta yi Basira za ta riƙa ba da labari har ranar aurenta. Ta nufi murhu. Inna ta riga ta koma can, ta ɗora madambaci, wuta tana ci sosai. Fadila ta tsuguna, ta miƙa hannu wajen harshen wutar.

Wani hannu ya zare takardar daga nata. Inna ce, fuskarta tana kallon tukunya. Ta ɗaga takardar ta duba, a juye ma ta riƙe ta, ta ninke gida huɗu, ta miƙe ta shige ɗaki. Suka ji ƙarar kwalla, ana sauke wata daga kan wata, har aka kai ta can ƙasa wadda ba a buɗewa sai da dalili. Aka rufe, aka mayar da sauran. Inna ta fito hannu wofi ta koma kan kujerarta.

"Illo, wutar ga ta dambu ce. Ba ta cin takarda yau."

"Inna, ai doka ta ce..."

"Murhun naka ne?"

Is'haƙa ya matso. "Inna, nawa fa guda huɗu da kika bari sunka ƙone?"

"Naka suna kama wuta da kyau, Allah shi yi maka albarka. Na huɗun da shi na hura ta ranar da icce ya jiƙe."

Suka koma rumfa aka buɗe shari'a. Is'haƙa ya ce wanda zabuwa ta narkar ya mutu, ko an ƙone takarda ko ba a ƙone ba. Basira ta ce tun da aka fara wasan ba a taɓa lissafa mutum cikin matattu ba sai an ga tokarsa. Illo ya buɗe littafin yana neman abin da aka ce in mai iko ya sauko da kansa ba tare da an bi ƙa'ida ba. Ya samu kan maganar a ƙasan shafi na tamanin da shida. Ya juya, sai ga shafi na casa'in da ɗaya. Ya kaɗa littafin ko za su faɗo, ba abin da ya faɗo sai tsohon tikitin mota.

Ya daɗe yana cizon murfin bik. Daga ƙarshe ya yanke hukunci, yana rubutawa yana faɗa. Kukan Fadila bai karɓu ba, don ba a kira suna ba, doka tana nan daram. Tabawa kuma ba ta mutu ba, don ba ta shiga wuta ba. An ɗauke ta ne da ranta zuwa sama, yanzu tana zaune a kwalla ta ƙasa, kuma ba mai ikon sauko da ita sai wadda ta ɗauke ta. Jaki yana nan a hannun Kyanwa amana.

"Ɓarauniya kunka ba amana," in ji Is'haƙa.

Fadila ta ɗauki ƴar tsanar ta mayar aljihun keke. Duk makon nan ba ta tambayi Inna ba, Inna ma ba ta ce komai ba. Ranar Alhamis ta yago sabuwar takarda daga kayen Illo don ta zana wani mutum, ta zauna da ita har ta gama haɗa rigar wata amarya, ko suna ba ta iya sa wa ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar Basira ta shimfiɗa tabarma, Is'haƙa ya jingine babur a zaure. Fadila ta je ta ɗage ƙyallen da take rufe keke da shi don ta ɗauko almakashi ta ajiye. Sai ga takardar a kan keken, a ninke gida huɗu, tana ƙamshin turaren wuta.

Inna ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya daidai rumfar, ta dubi Basira.

"Ki ce ma waccan aro ne. Kafin magariba a maido mini ita. Kuma a nisanta ta da kaji."

Ta wuce abinta. Illo ya dubi kayensa, inda ya kwana uku yana shirya wani ƙaton zakara mai aman wuta wanda zai zo ɗaukar wa zabuwa fansa. Ya leƙa ya ga Inna ba ta yi nisa ba. Ya sa bik ya soke zakaran, ya rubuta kunkuru a samansa, ya ce, "To, kun iso bakin wani tafki."